Rana, Janareta da Ƙanƙarar Hajiya Tabawa

Duk matashin da ya zo shagona neman koyon aikin sola, maganarsa ta farko kusan ɗaya ce: wai ya riga ya ga yadda ake yi a waya. Jar waya a kan ja, baƙa a kan baƙa, a ɗora fanel, faifan da ke kama hasken rana, a kan kwano, a sauko a karɓi kuɗi. Nakan ce masa madalla, ashe ma ka fi ni sauri. Sai in nuna masa tsani in ce ya hau rufin shagon da rana tsaka ya ɗauko mini sifana. Da yawansu ko tsakiyar kwanon ba sa kaiwa suke juyowa suna yarfe hannu. To ku zauna ku ji, tunda kun ce kuna so. Hawa kwano ma shi ne mai sauƙin.

Sunana Habu. Yanzu a Wudil Habu Sola ake ce mini, amma duk wanda ya kira ni Habu Janareta, na san tsohon kwastoma ne. Da janareta na fara, a rumfar Malam Iliya da ke kusa da tasha, gefen titin da ya nufi gada. Malam Iliya gajere ne mai sanyin murya, kullum da tsumma a kafaɗarsa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa komai ba sai wanke kafireta da goge fulogi. Hannuna ya yi ta warin fetur, har in na zauna cin tuwo sai 'yan'uwana su matsa gefe.

Akwai ranar da wani mai shayi ya kawo janaretansa a kan amalanke, yana ta faɗa wai sau uku ana gyara masa yana sake ƙonewa. Ni har na ɗauko sukudireba zan kwance. Malam Iliya ya dafe hannuna, ya juya wurin mutumin ya ce, "Me da me kake jona masa?"

"Ƙwan fitila ne kawai da rediyo."

"Sai me?"

"Sai fanka."

"Sai me?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Sai ɗan hita na dafa ruwa, in itace ya jiƙe."

Malam Iliya ya ce, "To ba janaretan ne ba shi da lafiya ba." Bayan mutumin ya tafi ya ce mini, "Habu, injin da aka kawo maka rabin labari ne. Sauran rabin yana can gida." Duk abin da na koya daga baya a kan wannan maganar ya hau. Har yau ba na buɗe jakar kayan aiki a gidan mutum sai na zagaya ɗaki-ɗaki, na ga abin da ke jikin bango, na tambayi matan gida abin da suke kunnawa idan maigida ya fita. Maigida zai ce maka fanka ce da talabijin. Uwargida ce za ta nuna maka dutsen guga a bayan ƙofa.

Sola ta shigo mini ne a hankali. Da farko masu cajin waya a kasuwar Juma'a ne suka fara zuwa da ƙananan fanel suna neman wanda zai haɗa musu. Na je Kano na zauna wurin wani da ya iya, na koyi aikin inbata, wato akwatin da ke mayar da wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke ci, da kwanturola mai hana batir shan caji fiye da ƙima. Kayan aikina ba su da yawa. Mita, abin gwada wuta, ita ce babba, don ita ba ta jin kunyar kowa, abin da ke cikin waya shi za ta faɗa maka. Sai filaya, sifana, abin huda ƙarfe, da takalmin roba. A kan rufi kuma, ka bi layin ƙusa, nan ne katako yake a ƙasa. Ka taka tsakiya ka lotsa wa mutum kwano, damina ta zo ɗakinsa ya yi yoyo, duk kyan aikinka wannan yoyon za a riƙa tunawa da kai.

A Dagumawa na yi wani aiki da har yanzu in na tuna sai na yi dariya. Malam Sani manomi ne, ya sayar da shinkafa muka ɗaura masa fanel, na fuskantar da su kudu kamar yadda ya kamata, na kauce wa inuwar darbejiyar tsakar gida. Komai ya tashi lafiya. Bayan wani lokaci ya aiko wai wuta tana raguwa kamar ana sata. Na je na gwada batir, lafiya. Na gwada inbata, lafiya. Da na hau sama sai na tarar fanel ɗin sun yi fari fat. Ashe tantabarunsa ne suka samu sabon wurin hira, kashinsu ya rufe gilashin. Na sauko na ce, "Malam Sani, ɓarayinka na kama su, kuma kai ne kake ba su dawa." Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Maganin bai wuce bokitin ruwa da tsumma da sassafe ba, kafin gilashin ya yi zafi.

Amma ainihin sana'ar nan lissafi ce, kuma nan ne yaran waya ba sa gani. A gidan mutumin Wudil wuta iri uku ce. Akwai ta gwamnati, mai araha, sai dai ba ta da alƙawari, ran da ta ga dama ta zo. Akwai janareta, sayensa da sauƙi, amma kullum sai ka ciyar da shi, ran da ba ka ba shi ba ya yi shiru. Sai rana, wadda shigarta ke da tsada sosai, daga nan kuma ba ta sake tambayarka komai. Aikina shi ne in haɗa su uku a gida ɗaya, kowacce ta yi abin da ta fi iyawa, in sa makunnin da zai sauya gidan daga wannan zuwa waccan ba tare da sun yi karo ba. Wanda ya ce mini zai jefar da janareta ya dogara da rana kaɗai, nakan tambaye shi ko ya manta da watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe gari a wuni ba a ga rana ba. Za a iya, amma sai ka tara batir mai yawa saboda 'yan kwanakin nan, kuma a duk kayan sola batir ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai mutuwa. Fanel zai iya ganin auren 'ya'yanka. Batir kuwa sai ka sake shi ka kuma sakewa.

Ba kuma kowa ne sola ke biya ba. Malam Nasiru, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya zo mini da zafinsa yana son inbata irin ta maƙwabcinsa. Na je na ga ɗaki ɗaya ne na haya, da safe ya fita sai magariba, kuma ana maganar za a yi masa canjin wurin aiki. Na ce masa ya sayi fanka mai caji da fitila da ɗan ƙaramin fanel da zai iya ɗauka a hammata. Ya ɓata rai, yana ganin na raina shi. Da aka mayar da shi wani gari ya kira ni a waya yana godiya, ya ce kayan wutarsa duka a buhu ɗaya ya tafi da su.

To yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ta kusa mayar da ni wanke kafireta. Lokacin da aka cire tallafin man fetur, janareta ya zama kamar baƙon da ya fi ƙarfin tukunyar gida. Kowa ya juyo kan sola. Ni har na fara tunanin faɗaɗa shago. Sai dai kaya ma suka yi tashin da ba a taɓa gani ba, batir mai kyau ya fi ƙarfin yawancin mutane. Ana cikin haka sai wasu batura suka cika kasuwa, masu sheƙi, masu nauyi, da rubutu mai kyau a jiki, kuɗinsu kuma da sauƙi. Mutane suka riƙa sayowa da kansu suna kawo mana mu ɗaura. Ka sa musu mita suna sababbi, su nuna maka lafiya lau.

Cikin waɗanda suka saya har da Hajiya Tabawa ta unguwar Sabon Gari, nan Wudil. Duk wanda ya taɓa azumi a unguwar ya san ƙofar gidanta. Dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, da sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ta riƙe gidan, har da jikokin da ke hannunta. Firiza biyu ne da ita, da janaretan da ke shan mai kamar raƙumi. Shanu biyu ta turke ta yi musu kiwo, ta sa aka kai su kara, kasuwar shanu, ran Juma'a aka sayar, da kuɗin ta sayi kayan sola. Wani surukinta ne ya sayo mata baturan daga birni, ni na ɗaura komai. Da farko abin ya yi kyau, har tana aiko mini da kunun aya shago.

Kafin shekara ta zagayo baturan nan suka fara mutuwa, gida-gida, kamar annobar kaji. Rana na faɗuwa inbata ta fara kuka, kafin a idar da sallar isha'i gida ya yi duhu. Ba wanda ya tuna inda ya sayo batir, kowa fuskar wanda ya hau masa rufi ya tuna. A majalisa ana cewa sola yaudara ce. Wani Alhaji ya aiko in je in sauke masa fanel daga kwanonsa, wai ko ganinsu ba ya son yi. Aiki ya tsaya cak. Na fito da tsofaffin sifanuna na koma karɓar gyaran janareta, masu wucewa suna tsokanata, "Habu, rana ta faɗi ne?" In ce musu ta tafi hutu.

Azumi saura kaɗan, bazara ta kankama, Hajiya Tabawa ta aiko kirana. Na tafi ina jan ƙafa, don ita mace ce da in ta yi magana a gidan biki, gobe duk gari ya ji. Na yi sallama, na same ta a kan tabarma a inuwar rumfa tana tsince zoɓo.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau, Habu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya gida, ya yara?"

"Lafiya ƙalau. Ya iyali? Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne, Hajiya."

"Ya kasuwa?"

"Da godiya."

"To madalla. Zauna." Ta ture farantin gefe. "Habu, shanuna biyu suna kan kwanon nan da cikin ɗakin can. Ga azumi ya zo. Abin da nake samu a watan nan da shi nake riƙe gidan nan har shekara. In na koma janareta, mai zai cinye ribar ya haɗa da uwar kuɗin. Faɗa mini gaskiya, me ya mutu, me ya rage?"

Na shiga na gwada komai a gabanta. Na ce mata fanel lafiyarsu ƙalau, inbata ma haka, baturan ne suka tafi. Ta tambayi kuɗin masu kyau irin waɗanda za su riƙe firiza biyu har gari ya waye. Da na faɗa mata sai ta yi salati.

"Wato sai na sake turke wasu shanun."

"Kusan haka ne, Hajiya."

"Ba ni da su." Ta kalli firizojin da ke jere a baranda. Can ta ce, "Tsaya. Da rana abin nan yana aiki?"

"Yana yi. Muddin akwai rana, ɗan ƙaramin batir mai kyau ma ya isa ya tallafa wa inbata idan firiza zai tashi."

"Da dare ne ba ya yi."

"Da dare ne, Hajiya. Dole sai an ajiye wutar rana a batir kafin a samu ta dare."

Ta dube ni kamar na faɗi abin dariya. "Wa ya ce maka wuta nake so ta kwana? Ni sanyi nake so ya kwana."

Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai ta tari numfashina. Ta ci gaba. Ta ce tun ina yaro take wannan sana'a, tun ana ɗauke wuta a yi kwana da kwanaki. Ta san yadda ake lulluɓe firiza da bargo da buhu a bar gefen da injin ke shan iska. Ta san in ka jera robobin ruwan gishiri a ƙasa suka daskare, sun fi ruwan banza riƙe sanyi, a wurin masu kifi na bakin gada ta koya. Ta ce, "Kai ka ba ni wuta mai ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar. Daren ka bar mini."

A hanyar komawa shago na yi ta juya maganar. Duk shekarun nan, in mutum ya ce yana son firiza, abin da ke zuwa kaina shi ne batir nawa zai riƙe shi har asuba. Ban taɓa tsayawa na ga cewa ƙanƙarar kanta ajiya ce ba, kuma ba ta tsufa, ba ta neman a canza ta.

Sai muka shiga aiki. Abin da ake buƙata yanzu shi ne ƙarin fanel, don firiza biyu su yi aiki da ƙarfinsu duk wuni. Na tuna da Alhajin da ya sa na sauke nasa. Na je na same shi, suna jingine a bayan ɗakin ajiya kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Ya sallama su da araha, har yana yi wa Hajiya jaje tun kafin ta ɗaura. Matattun baturan kuma muka kira mai sayen tsohon ƙarfe. Ya ɗaga ɗaya ya jijjiga, ya ce bai yarda da nauyin nan ba, ya fasa a gabanmu. Dalma 'yar kaɗan ce a ciki, sauran duk gilashi ne mai kauri aka jera don ya yi nauyi. Hajiya ta leƙa ta ce, "Ikon Allah. Ashe tagogi na saya." Da abin da ya ba ta, da ɗan abin da ta ƙara, muka sayi ƙananan batura biyu masu kyau a wurin wanda na sani. Na sake tsarin wayoyin gidan: firiza a layi ɗaya, fitilu da fanka a wani layin, don kada firiza ya taɓa batir bayan rana ta faɗi. Janareta ya zauna a wurinsa, wutar gwamnati ma in ta zo bismilla.

Gwajin farko bai yi ba. Na je da yamma, Hajiya ta ɗauko ƙullin ƙanƙara ɗaya ta miƙo mini. Ya yi ɓawo a waje, da na matsa sai na ji ruwa yana motsi a ciki. Irin wannan kafin mai saye ya kai gida ya zama ruwan sanyi. Washegari ma haka. Ga shi ana ta maganar duban wata. Na fara cewa ko za mu haƙura da firiza ɗaya, ta ɗaga mini hannu.

"Daga ina yaran nan suke ɗibar ruwan ƙullawa?" Ta tambayi kanta da kanta, ta tashi ta je ta taɓa famfon da ke saukowa daga tankin sama. Ruwan har yana ƙona hannu. "To ga shi nan. Ruwan shayi muke ba shi mu ce ya daskarar."

A ranar ta aika aka sayo mata manyan randuna a wurin masu tukwane, aka jera a inuwa aka cika. Ruwa ya kwana a randa ya yi sanyi, da sassafe a ƙulla a ƙananan ledoji maimakon manya. Firiza ɗaya ta ware shi don daskarewa, ta ɗaura masa kwaɗo, makullin a bakin zaninta. Ɗayan shi ne na ajiya da sayarwa. Ni kuma na duba inda rana ke gazawa: da safe kafin ta yi ƙarfi, da bayan la'asar in ta karkata. Na ce a nan ne za a tayar da janareta na ɗan lokaci, ya cike giɓin, a kashe shi. Ba sai ya wuni yana ihu ba.

Ranar farko ta azumi rana ta buɗe kamar da gayya. Bayan la'asar na rufe shago na nufi Sabon Gari, ina tafe ina addu'a. Tun daga bakin lungu na hango layi, yara da manya da kuloli da bokitai. Na kutsa na shiga. Hajiya tana tsaye a gaban firiza ta kwance makulli. Ta ɗaga murfin, hayaƙin sanyi ya taso. Ta ɗauko ƙulli ɗaya, ta sake shi a kan siminti. Ya buga ƙwas kamar dutse, ya gangara har ƙafata, ko tsagewa bai yi ba.

"Habu Sola," in ji ta, "matsa mini, kana tare wa kwastomomi hanya."

Haka aka yi watan nan gaba ɗaya. Jarkar man da a da take ƙarewa a wuni, yanzu sai ta yi kwanaki. Masu ƙanƙarar da ke kan janareta zalla dole suka tsauwala kuɗi, ita kuwa ta sayar da sauƙi kuma ta samu. Da damina ta zo rana ta yi ƙaranci, na yi zaton za ta neme ni. Ba ta nema ba. Da na tambaya ta ce ai da damina ba mai neman ƙanƙara sosai, ta kashe firiza ɗaya ta huta, kuma lokacin an fi kawo wutar gwamnati. Rana ta fi ƙarfi a daidai lokacin da mutane suka fi jin ƙishirwa, wannan kuwa ba ni na tsara ba.

Bakin nan nata da nake tsoro shi ya dawo mini da aiki. A gidan suna, a gidan biki, a islamiyya, sai ta ba da labarin tagogin da ta saya da yadda aka yi ƙanƙara ta kwana. Mata suka fara turo mazajensu. Ni ma na canza yadda nake tambaya. Yanzu in na shiga gida, bayan me kake kunnawa, sai in ƙara da yaushe kake kunnawa. A tura ruwa tanki da rana. A yi markaɗe da rana. A yi guga da rana, ko a koma dutsen gawayi. Dare a bar wa fitila da fanka da cajin waya, waɗanda ƙaramin batir zai riƙe ba tare da ya wahala ba. Gidan da ya yarda da wannan, kuɗin shigarsa ya ragu sosai, kuma abin da ba ya kashewa a mai shi ke biyan kayan a hankali. Wanda kuma ya ce lallai sai na'urar sanyaya ɗaki har asuba, ba na hana shi, amma nakan ce ya fara zuwa kara ya tambayi kuɗin bijimin sa.

Sai dai abin ya zo mini da wani sabon ciwon kai. Bayan kakar bana wani Alhaji Mudi daga Ɗankaza ya zo shagona. Babban manomi ne, amfani ya yi kyau, aljihu ya yi nauyi. Ya ce yana son manyan batura huɗu, irin masu tsadar nan na zamani, da inbata babba, kada gidansa ya sake ganin duhu. Na ji daɗi har cikin raina, don rabon da in yi ciniki irin wannan an daɗe. Har na fara kiran dilan da nake sayen kaya a wurinsa a Kano sai ya ce, "Amma Malam Habu, mai ɗakina ta ce kada in biya ko sisi sai mun biya ta wurin gwaggonta a Sabon Gari."

"Wace ce gwaggon tata, Alhaji?"

"Hajiya Tabawa."

Na ajiye wayar.

Muka je. Bayan an gama gaisuwa, ta tambayi mutanen Ɗankaza gida-gida, sai ta gyara zama ta sa shi a gaba. Me zai kunna? Injin tura ruwa. Da yaushe? Ya ce ai da daddare suka saba, in an tayar da janareta. Ta ce rijiyar tana gudu ne da rana? Ya ce a'a. Firji fa? Ta ce a bar shi ya wuni yana aiki, da dare a daina buɗe shi kamar ƙofar shago. Janaretansa yana da lafiya? Ya ce ƙalau, amma sayar da shi zai yi. Ta ce kul, ya ajiye shi saboda damina da ranar taro. Ta bi kayan gidan nan ɗaya bayan ɗaya tana kwashe su daga dare tana mayarwa rana, ni ina zaune ina kallon batura huɗu suna zama biyu. Duk abin da ta faɗa sai ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Habu?" Ni kuma ba yadda zan yi, don haka ɗin ne.

Da ta gama na ce, "Hajiya, rabin cinikina fa kika yanke."

"Rabin da na bar maka ai mai albarka ne. Alhaji yana da ƙanne a Ɗankaza, kowa da gidansa. In nasa ya yi kyau bai ji jiki ba, wa kake zaton za su kira?"

Alhaji Mudi yana ta murmushi, ya ce sauran kuɗin ma taki zai saya. Muka miƙe za mu tafi, Hajiya ta buɗe firiza ta ɗauko ƙullin zoɓo biyu, sun yi raɓa saboda sanyi. Na miƙa hannu biyu ina godiya, ina sa mata albarka. Ta janye hannunta.

"Shawara ce kyauta, Habu. Zoɓo na kuɗi ne."

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya biya, nasa da nawa.